Ba Kowace Farfaɗiya Ce Yaro Ke Girma Ya Bar Ta Ba

Wani marubuci da nake ganin girmansa ya yi rubutu kwanakin baya a kan farfaɗiyar yara, rubutun kuma ya zaga, har iyaye mata na kafa hujja da shi. Abin da ya ce a taƙaice shi ne kowa ya kwantar da hankalinsa. A ganinsa farfaɗiyar yara ba ta wuce ɗayan biyu, ko zafin zazzaɓi ko gado, kuma yawancinta yaro na girma take rabuwa da shi. Wanda tasa ta ƙi tafiya a ba shi ƙwayar nan mai araha, in ba ta yi ba a ƙara masa, a haɗa da haƙuri da addu'a. Zancen hoton ƙwaƙwalwa da tiyata kuwa, ya ce tsarin ƙasashen masu kuɗi ne wasu likitoci suka kwaso don su tatsi talaka, kuma bai ga yadda mai hankali zai miƙa kan ɗansa a fasa ba.

Malam, wato marubucin, ya yi abin kirki da ya fito fili ya ce farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, ba kuma dalili ba ce ta cire yaro daga makaranta ko a ware masa kwano. Ya yi gaskiya da ya hana cusa cokali a bakin mai jijjiga da ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin halin, domin ta haka ake karya haƙori, ta haka kuma ruwa ke sarƙe yaro ya gangara huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya na bayansa a batun magani ma: ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in an gano ciwon daidai aka ba su maganin da ya dace. Ban zo ja da wannan ba. Inda muka raba gari shi ne kalmar nan tasa ta “a jira”, da kuma yadda ya yi wa yara kuɗin goro. Lissafin nan na kashi 70 ya bar kashi 30 a waje, su ne Malam ya tsallake, kuma a cikinsu akwai yaran da shawararsa za ta iya yi wa illar da ba ta gyaruwa.

Mu fara raba abin da ya cakuɗa. Taune-taunen da yaro ke yi in jikinsa ya yi zafi, tsakanin wata 6 da shekara 5, ba farfaɗiya ba ce. Yana samun yara 2 zuwa 5 cikin 100, mafi yawansu kuma suna wucewa lafiya lau, da sharaɗin an tabbatar ba sanƙarau ba ne, ba kuma zazzaɓin cizon sauro ba ne ya hau ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wasu nau'o'in farfaɗiyar gaske da ke zuwa wa ɗan firamare su tafi da kansu wajen balaga. Da waɗannan kaɗai Malam yake nufi da ba mu yi musu ba. Amma akwai yaron da tun yana ciki ƙwaƙwalwarsa ba ta ginu daidai ba. Wannan ko shekara nawa ya yi, wurin da ya karkace yana nan a karkace.

Ga yadda abin yake faruwa. Ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗar nan mai launin toka da ke lulluɓe da ita, mai kwari da tudu, nan ne magana da gani da motsi da tunani suke. Ƙwayoyin jijiyar da ke cikinsa ba a nan aka halicce su ba. Can ciki suke fara samuwa, a gefen kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan su yi ƙaura zuwa sama, galibi tsakanin wata na uku da na biyar na ciki. Wani masani mai suna Pasko Rakic ya nuna a farkon shekarun 1970 cewa wasu zaruruwa suke bi suna hawa, kowane ayari ya wuce wanda ya riga shi ya zauna a samansa, har su yi sahu shida. Kamar jeren bulo ne a katanga: in sahu ɗaya ya kauce tun daga ƙasa, filasta da fenti za su rufe shi, amma nan ne bangon zai riƙa tsagewa. Ƙwayoyin da suka tsaya a hanya, ko suka zarce, ko suka kumbura fiye da ƙima suka zauna a birkice, ba sa zama shiru. Suna sakin lantarki ba bisa ƙa'ida ba, suna jan maƙwabtansu, daga nan faɗuwa ke tashi.

Tawayar ba iri ɗaya ba ce. Wani yaron ƙwaƙwalwarsa sumul take, babu kwari da tudun nan, irinsa yakan zo da nakasa mai nauyi tun daga farko. Wani tudun nasa ƙanana ne birjik, sun yi yawa, abin da kan biyo bayan wata ƙwayar cuta da ta kama uwa tana da ciki, ko ƙarancin jini a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Duniya ta ga yadda ƙwayar cuta ke ɓata wannan gini lokacin da cutar Zika ta ɓarke a Brazil a 2015, aka yi ta haihuwar jarirai masu ƙananan kawuna, da yawansu kuma da farfaɗiya. Wani kuma ɓari guda na ƙwaƙwalwarsa ne ya fi ɗayan girma, jijjiga ta kama shi tun kafin a yi suna. Amma wadda ta fi damuna a wannan muhawara ita ce ƙaramar cikinsu, wadda wuri ɗaya tak ya karkace, wani lokaci bai fi kan ɗan yatsa ba, sauran ƙwaƙwalwar lafiya ƙalau. David Taylor da abokan aikinsa a Ingila ne suka fara bayyana ta a 1971, bayan sun duba naman da aka cire daga ƙwaƙwalwar mutum 10 masu farfaɗiyar da ta gagari magani. A 2017 Ingmar Blümcke da tawagarsa suka tattara sakamakon mutum 9,523 da aka yi wa tiyatar farfaɗiya a cibiyoyi 36 na ƙasashen Turai 12, suka tarar a ɓangaren yara wannan ƙaramar tawayar ce a kan gaba. Yaro ne da za ka gan shi garau, kai daidai, fuska daidai, yana wasansa, amma faɗuwa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Nan ma maganar gado ta Malam ta sami tangarɗa, kuma ba ƙaramar magana ba ce a gidajenmu. Kowa ya san abin da ke biyo bayan a ce ciwo na gado ne. Dangin miji su fara lissafin kakannin amarya, dangin mata su rama, yayyen yaron mata su rasa manema. Alhali bincike na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa da yawa daga cikin irin wannan ƙaramar tawaya, da ma ta ɓari guda, kuskure ne ya auku a cikin ƙwaya ɗaya ta ƙwaƙwalwar ɗan tayi bayan an riga an ɗauki ciki, ya bi zuriyar wannan ƙwayar kaɗai. In an gwada jinin uba ba za a gani ba, na uwa ma haka, sau da yawa ko a jinin yaron babu. Ba daga dangin kowa ya fito ba. Ba kuma don uwar ta fita da tsakar rana ko ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla ba ne. Akwai na gado, ba a musu, amma mai rubutu a jarida bai kamata ya raba wa mutane hukuncin da zai iya kashe aure ba tare da ya tantance ba.

Akwai wani nau'in faɗuwa da nake so duk wanda ya karanta rubutun Malam ya san kamanninsa, domin a kansa ne “a jira” ta fi zama guba. Jariri ne ɗan wata huɗu zuwa takwas. Ya farka daga barci, uwar ta ɗauke shi. Sai kansa ya sunkuya farat ɗaya, hannuwan su watsu ko su dunƙule, gwiwoyi su taho ciki, kamar an zabure shi. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ya saki. Bayan ɗan jim ya sake, ya sake, a jere, wataƙila sau goma ko ashirin, sannan ya fashe da kuka. Babu kumfa a baki, babu karkarwa, babu suma, jiki ba zafi. Kaka ta ce ciwon ciki ne, a ba shi jiƙo. Maƙwabciya ta ce tsorata yake yi, a yi masa tofi. Mai kemis ya ba da maganin kumburin ciki. Babu wanda zai kira wannan farfaɗiya, domin ba ta yi kama da wadda aka saba gani a bakin kasuwa ba. Bayan 'yan makonni sai uwar ta lura yaron da ke mata murmushi ya daina, idonsa ba ya bin ta in ta gifta, wuyan da ya fara tsayawa ya koma laƙwas.

Wani likita Bature mai suna William James West ne ya fara rubuta bayanin wannan ciwo, a wasiƙar da ya aika wa mujallar Lancet a 1841, kuma ɗan cikinsa yake bayani, yana roƙon 'yan'uwansa likitoci su taimaka masa. Ba su da abin ba shi. Yaron ya rayu da naƙasasshen hankali, ya rasu yana da kimanin shekara 20 a gidan kula da masu irin larurar. Shi ya sa har yau ake kiran ciwon da sunan West. Bambancinmu da zamaninsa shi ne yanzu akwai magani, tawayar ginin ƙwaƙwalwa kuma tana cikin manyan sabubban ciwon. In an yi wa irin wannan jariri gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira EEG, akan ga lantarkin a hargitse ko a lokacin da yake kwance shiru. Ma'ana ƙwaƙwalwar ba ta samun sararin koyon komai, dare da rana. Binciken da aka yi a Birtaniya ya bi irin waɗannan yara har suka kai shekara 4, aka ga gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon koma-bayan da yaro ke samu. Makonni ake lissafawa a nan, ba shekaru ba.

Abin takaicin shi ne ƙwayar da Malam ya yaba, wato fenobabiton, ba ta aiki a kan wannan. Fenobabiton tsohon magani ne mai daraja, tun 1912 ake amfani da shi, ya kuma ceci rayuka ba adadi, amma ba shi ne maganin ciwon West ba. Kabamazafin, wanda shi ma ya cika kemis-kemis ɗinmu, yana iya ƙara dagula shi. Abin da ke aiki shi ne firedinisolon mai yawa na 'yan makonni a ƙarƙashin kulawar likita, ko allurar ACTH, ko wani magani da ake kira bigabatirin. Firedinisolon kuwa ba tsada gare shi ba, babu garin da ba a sayar da shi. Ashe ba kullum kuɗi ke raba yaro da magani ba. Wani lokaci abin da ya rasa shi ne wanda zai kalle shi ya gane abin da yake gani, ya kuma ce a tafi asibiti yau.

Wani abin ma ido kawai yake buƙata. A tuɓe jaririn a duba bayansa da cikinsa da cinyoyinsa a hasken rana. In an ga fararen tabo guda uku ko fiye, masu siffar ganye, sumul ba sa ɓarewa, waɗanda a fatarmu ta baƙar fata suke fitowa ƙarara amma akan ɗauke su ƙyasbi, to a yi zargin ciwon da likitoci ke kira tuberos sikilerosis, wanda wani likitan Faransa, Bourneville, ya bayyana a 1880. Yana samun kamar jariri 1 cikin 6,000, yana sa ƙulle-ƙulle a ɓawon ƙwaƙwalwa, yana taɓa ƙoda da zuciya, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na masu shi suna farfaɗiya. A wurinsu bigabatirin ne kan gaba. Sau nawa ake ɗaga rigar yaro mai jijjiga a ɗakin shan magani?

Malam ya ɗauki faɗuwa a matsayin abin da ke zuwa ya wuce, yaro ya tashi ya karkaɗe jikinsa. Ga babba, sau da yawa haka ne. Amma ƙwaƙwalwar yaro ɗanya ce, a shekaru ukun farko take yin mafi yawan girmanta, a nan ake ɗora harshe da tafiya da sanin mutane. Faɗuwa mai yawa a wannan tsakanin ba ta tsaya wa wurin da ya karkace kaɗai ba, tana hana lafiyayyen ɓangaren ma yin aikinsa. Shi ya sa ake ganin yaron da ya fara cewa “Umma” ya yi shiru, wanda ya fara rarrafe ya koma kwance. Wanda tawayarsa ke goshin ƙwaƙwalwa yakan zama mara natsuwa, mai saurin fushi, a yi ta dukansa a makarantar allo ana cewa ƙiriniya ce. Wanda tasa ke kusa da wurin motsi hannu ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Wanda abin ya yi wa nauyi, ya shekara uku ba ya zama, yawu na zuba, mun san sunan da ake sa masa a wasu gidaje: ɗan ruwa, wai aljanu ne suka musanya shi. Malam ya yaƙi wannan camfi, na yaba masa. Sai dai shawararsa da ta masu camfin wuri ɗaya suke kai yaron, domin dukansu gida suke barinsa. Ban ma taɓo ƙuna a murhu da faɗawa rijiya ba, da mutuwar fuju'a cikin barci wadda ta fi samun wanda faɗuwarsa ba ta lafa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwa da wuri ga mai farfaɗiya yana kai ninki uku na sauran jama'a.

Sai maganar “in ba ta yi ba a ƙara”. An gwada wannan, an kuma ƙirga. Patrick Kwan da Martin Brodie sun bi masu farfaɗiya a birnin Glasgow, suka fitar da sakamako a 2000. Cikin 470 da ba su taɓa shan magani ba, kashi 47 cikin 100 sun daina faɗuwa da maganin farko. Magani na biyu ko na uku ya ƙara kashi 14. Haɗa magani biyu ya ƙara kashi 3. Daga nan sai tsiyaya. Wannan na cikin abin da ya sa ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta tsayar da ƙa'ida a 2010: in an gwada magani biyu da suka dace, aka sha su yadda ya kamata, faɗuwa ba ta tsaya ba, to farfaɗiyar ta gagari magani, a nemi dalili. Yaron da ke da tawayar gini shi ya fi kowa faɗawa wannan rukuni. A yi ta ƙara masa ƙwaya har ya koma kullum cikin maye, yana layi, ba ya gane karatu, faɗuwar kuma tana nan, wannan jiran gawon shanu ne da iyaye ke biya da kuɗinsu, yaro ya biya da basirarsa.

Tiyata ce ta fi tayar wa Malam da hankali, ni ma ban ga laifin uban da gabansa ya faɗi ba. Amma ba sabon abu ba ne, ba kuma na Turai da Amurka kaɗai ba. A nahiyar nan tamu, a birnin Johannesburg, wani likita mai suna Krynauw ya ba da rahoto a 1950 na marasa lafiya 12, galibinsu yara masu shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya, da ya cire wa lalataccen ɓarin ƙwaƙwalwa, yawancinsu faɗuwar ta tsaya, ɗabi'arsu ta gyaru. Ben Carson, wanda 'yan bokonmu suka sani ta littattafansa, irin wannan aikin ne ya farfaɗo da shi a asibitin Johns Hopkins daga 1985. Yanzu ma galibi ba a cire ɓarin, yanke hanyoyin sadarwarsa ake yi a bar shi a wurin. Ga mai ƙaramar tawaya kuwa, ɗan wurin da ya karkace kaɗai ake ɗaukewa.

Hujjar da ta fi ƙarfi daga Indiya ta fito, ƙasar da talakanta ya san abin da namu ya sani. A babban asibitin koyarwa na gwamnati da ke Delhi aka ɗauki yara da matasa 116 'yan ƙasa da shekara 19 masu farfaɗiyar da ta gagari magani, aka raba su biyu da ƙuri'a. An yi wa 57 tiyata, 59 suka ci gaba da magani suna jiran layi. Bayan shekara guda, kashi 77 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki ba sa faɗuwa. A ɗaya ɓangaren kashi 7 ne. An buga wannan a 2017. Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba, don kada in yi abin da nake zargin Malam da shi: kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa aikin sun gamu da matsala mai nauyi, 15 daga ciki suka sami raunin ɓarin jiki, abin da aka san yana biyo bayan aikin ɓari guda. Ba kowane yaro ne kuma tiyata ke yi wa amfani ba. Mai sumul ƙwaƙwalwa, ko wanda tawayarsa ta game ɓangarorin biyu, babu abin yankewa, sai a nema masa sauƙi ta magani, ko ta abincin nan na musamman mai yawan maiƙo da ƙarancin sitaci da aka fara gwadawa tun 1921, da gashi da motsa jiki. Amma auna wannan haɗari da wancan aikin iyaye ne da likita, bayan an nuna musu abin da ke akwai. Wani abu kuma da jinkiri ke cinyewa: in ɓarin hagu ne ya lalace aka yi aikin yaro na ƙarami, magana na iya ƙaura zuwa ɓarin dama. In aka bari ya girma, wannan damar raguwa take yi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Za a ce kana zancen Delhi da Glasgow, mu kuwa a nan uwa na rasa kuɗin motar zuwa asibiti. Hoton maganaɗisu na MRI tsada gare shi, na'urorin kaɗan ne kuma a manyan birane suke, ƙaramin yaro sai an sa shi barci kafin a ɗauka, masu karanta hoton ƙwaƙwalwar yara ba su da yawa, tiyatar farfaɗiya kuwa sai an tona. Duk gaskiya ne. Amma rashin abu daban, cewa ba a buƙatarsa daban. In babu, a ce babu, a matsa wa masu mulki su samar. Ƙasashen duniya, har da namu, sun amince a taron lafiya na duniya na 2022 da wani shiri na shekara goma a kan farfaɗiya da cututtukan jijiya, ga abin da marubuci zai riƙe gwamnati da shi. In kuwa aka ce wa talaka hoton ma yaudara ce, an sauke wa hukuma nauyi, shi kuma an rufe masa baki.

Rashin bayani ma shi ke sa a yi asarar kuɗin da Malam ke jin tsoro. Uba ya sayar da akuya ya biya hoton CT, a ce masa ba a ga komai ba, ya koma gida yana cewa likitoci ma sun ce ba ciwon asibiti ba ne, daga nan sai gidan mai ruƙiyya. Alhali CT ba kasafai yake nuna irin wannan tawaya ba. Ko MRI sai mai ƙarfi, an ɗauka da tsarin farfaɗiya, mai karantawa kuma ya san abin da yake nema, domin wani lokaci alamar ba ta wuce ɗan dishi-dishi a iyakar toka da fari a ƙasan wani kwari ba, ko ɓawon ya ɗan fi kauri a wuri guda. Ba kowane yaro mai faɗuwa ne ke buƙatar hoto ba, a nan ina tare da Malam. Wanda ya fara tun bai shekara biyu ba babu zazzaɓi, wanda kullum gefe ɗaya take kamawa, wanda girmansa ya tsaya ko ya koma baya, wanda magani biyu suka kasa, waɗannan su ake nema wa. Tantance su kuwa ba ya cin ko kwabo. Wayar hannu ma ta sauƙaƙa: bidiyon minti ɗaya da uwa ta ɗauka ya fi dogon bayani amfani a gaban likita. An kuma fara aikin da za a ɗora wannan a kai, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa a Zariya da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su gano farfaɗiyar yara su kuma kula da ita, da tambayoyin tantancewa cikin Hausa. Ma'aikacin da ya iya ba da magani, zai iya koyon sanin ranar da zai ce wannan ya fi ƙarfina.

Malam ya rufe rubutunsa da ƙissar baiwar Allah nan mai farfaɗiya da ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana. Hadisi ne ingantacce, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma babu mai farfaɗiyar da ba zai sami sanyi a cikinsa ba. Amma a duba wace ce ta yi zaɓin. Baliga ce mai hankali, an shimfiɗa mata hanya biyu, ta ɗauki ɗaya a kan jikinta. Jariri ɗan wata shida ba a tambaye shi ba, ba zai kuma iya amsawa ba. Amana ne a hannun iyayensa, waliyyi kuwa ba ya yafe haƙƙin wanda ke ƙarƙashinsa don shi ya sami ladan haƙuri. Malaman da suka yi sharhin wannan babi ma ba su rufe ƙofar likita ba. Ibnul Ƙayyim, wanda masu ruƙiyya ke yawan ambato, shi da kansa ya ce akwai farfaɗiyar da sababinta na jiki ne, wadda likitoci ke magana a kai. Haƙuri kuma ai uwar da ke goya yaro ɗan shekara biyar zuwa asibiti duk wata, tana ƙirga ƙwaya, tana kwana ido biyu, ba ta buƙatar a koya mata shi.

Abin da nake roƙon Malam, tunda Allah Ya ba shi masu sauraro, shi ne ya sake ɗaukar alƙalami ya ware yaran da bai kamata a jira da su ba. Ya faɗa wa iyaye cewa jaririn da ke sunkuyar da kai a jere bayan ya farka, a kai shi wurin likitan yara a makon nan, a tafi da bidiyonsa. Jijjigar da ta wuce minti biyar, a garzaya asibiti. Yaron da magani biyu suka kasa, a nemi takardar tura shi asibitin koyarwa, kada a karɓi na uku da na huɗu a kemis. Wanda kuma yake kan magani yana masa aiki, kada a yanke masa rana ɗaya don an karanta cewa zai girma ya bar ta, sai likitan da ya ɗora shi ya ce lokaci ya yi.